Rakiyar da Na Bari a Buɗe a Filin Jirgi

A rediyon Abba na fara jin zancen, ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa. Abba shi ne ɗana na fari, a gidansa nake zaune nan Gwarzo tun da gwiwa ta fara yi mini gardama, kuma ba ya iya karya kumallo sai da shirin nan na safe da mutane ke bugo waya suna musu. Ran nan a kan filin jirgin saman Kano ake yin musun. Wani ya ce a miƙa shi ga 'yan kasuwa su riƙe, tunda hannun hukuma ya yi masa nauyi. Wani ya ce wannan sayar da gado ne, a bar shi inda yake. Wani ɗan kasuwa ya bugo yana huci, wai shi yanzu sai ya gangara kudu yake samun jirgin da zai kai shi sayayya, alhali a zamanin mahaifinsa daga kudun ake haurowa nan. Wata mata ta ce a ba jiha, wani ya ce jiha ta fara gyara hanyar ƙauyensu tukuna. Duk wannan bai sa na ɗaga kai daga faifai ba. Sai da wani dattijo ya faɗa a tsakiyar maganarsa cewa ko wa ya karɓa, yana ganin abin da zai fara yi shi ne rushe tsohon benen nan da aka daina hawa. Nan hannuna ya tsaya a cikin shinkafa.

Ban taɓa shiga jirgi ba, kuma a yadda nake jin jikina ban sa rai zan shiga ba. Amma in ana maganar masu filin nan, ni ma ina ganin ina da kaso a ciki, domin akwai abin da na bari a saman wannan bene tun Abba yana goye a bayana, har yau ban koma na ɗauko ba. Masu bugo waya duk zancen masu tashi da masu sauka suke yi. Babu wanda ya tuna da mu, masu tsayuwa a ƙasa.

A Garo na tashi, gidan malamai. Sautin da na buɗe kunne da shi shi ne na karatun asuba a zaure, da luguden taɓarya a gidajen maƙwabta, da ƙarar guga tana dukan bakin rijiya. Jirgi kuwa ba kullum yake bi ta kanmu ba, shi ya sa in ya biyo har masu daka sai sun saki taɓarya sun kare ido da hannu. Kafin a gan shi ake jin sa, wani gurnani can ƙasa-ƙasa kamar hadari na haɗowa. Kaji su ruga ƙarƙashin rumbu, mu yara mu fita da gudu muna ɗaga hannu muna ba shi saƙon gaisuwa zuwa Makka. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yakan leƙo daga zaure ya ce wannan ai yamma ya nufa, ya ba alƙibla baya, wa zai kai mana saƙon? Ba ma saurarensa. A wurinmu kowane jirgi Makka za shi, in ma ya yi yamma to kewayowa zai yi. Yanzu jikokina ko ɗaga kai ba sa yi. Sun san cikin jirgi a waya, sun san kujerunsa da abincinsa, amma ba su san yadda ƙararsa ke shiga ƙirjin mutum ba.

Da na zama budurwa sai littattafai suka ƙara mini ciwon. Lokacin ne ƙananan littattafan soyayyar nan suka fara shigowa ƙauye, a hannun matan aure, daga wannan ɗaki zuwa wancan, bangonsu ya yage an naɗe shi da takardar siminti. A cikin kwallar kayan ɗakin yayata nake ɓoye su, ina karantawa a bakin murhu, na ƙona miya ba sau ɗaya ba. Kuma kusan kowane littafi sai an je filin jirgi. Saurayi ya tafi karatu ƙasar waje, budurwa ta raka shi, ya hau matattakala, in ya kai ƙofa ya juyo ya ɗaga mata hannu, ita kuma iska na kaɗa mata gyale. Ni ban damu da motocinsu da benayensu ba. Wannan juyowar kaɗai nake so a rayuwata, a ce cikin dubun mutane wani ya tsaya, ya juyo, ni yake nema.

Wanda Allah ya ba ni bai yi kama da samarin littafi ba ko kaɗan. Sunansa na yanka ba ya fita a bakina har yau. Mutanen gari Ɗanjuma suke ce masa. Mutumin ƙauyen Jama'a ne, kakanninsa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, amma shanu ba su bar gidan ba. Bayan girbi yakan koro su gonar mahaifina su ci kara su bar mana taki, ni kuma nake kai masa ruwa, daga nan abin ya faro. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai ƙarancin magana. Bai yi boko ba, don haka bayan aurenmu ni nake karanta masa littafin da la'asar yana gyaran igiyar dabbobi. Yakan saurara har ƙarshe kamar mai sauraron wa'azi, sannan ya tambaye ni, to duk wannan kai da komowar da suke yi, wa ke ba shanunsu ruwa? In na ce ba su da shanu sai ya girgiza kai ya ce shi ya sa suke da lokacin kuka. Amma washegari shi zai fara tambaya ko yarinyar nan ta samu labarin yaron.

Shekarar da Abba ya fara zama, surukina Baffa ya yi niyyar aikin Hajji. Ya tsufa, ƙafarsa ɗaya ta daɗe da rauni tun wani sa da ya taka shi, don haka aka yanke shawarar Ɗanjuma ya bi shi ya zama sandarsa. Ni kuwa murna biyu nake yi, ta fili da ta ɓoye. Ta fili, mijina zai zama Alhaji da ƙuruciyarsa. Ta ɓoye, zan je filin jirgi.

A zamanin nan rakiyar alhazai aikin gari ne gaba ɗaya, kuma tana da ƙa'idarta. Surukata Inna ce ta zaunar da ni ta karanta mini ita tana murza zare. Ta ce rakiya ƙofa ce, wanda ya buɗe shi ke rufewa. Duk ƙafar da ta raka maniyyaci filin jirgi, ita za ta koma ta tarbo shi, kuma ba hannu sake ba. Kowace mai tarba tana tafiya da ƙwaryar fura da ta kirɓa da hannunta, domin abin da zai fara shiga cikin alhaji a ƙasarsa ya zama na gidansa. Ta ce in ma Allah ya riƙe mutum a can, ba a fasawa. A je a tarbi jakarsa, a ba wanda ya riƙo ta furar, tunda ya fito daga inda mamacin yake kwance. Kuma ba mai ɗaukar wa wata ƙwaryarta. Ta dube ni ta ce in na san ba zan iya komawa ba, to kada in hau motar tun yanzu. Na yi dariya na ce ko da rarrafe zan koma.

Farkon damina ne, gero ya fara rufe ƙasa. A babbar mota mai bodin katako muka tafi, maza a gaba a kan buhuna, mata a baya da tukwane da itace da tabarmi, kamar masu ƙaura. Da muka iso Garo aka tsaya a bakin titi, mahaifina ya fito da ɗalibansa ya yi addu'a, ya shafa kan Abba. Wajen Rimin Gado ruwa ya sauko, aka ja tamfol, muka cunkushe a ƙarƙashinsa cikin ƙamshin daddawa da jiƙaƙƙen zane, mata na ta begen Manzo da muryar da ƙarar ruwa ke haɗiyewa. A sansanin alhazai muka yi kwana da kwanaki, domin a lokacin ba mai gaya maka ranar tashi, sai dai lasifika ta kira garinku. Wurin ya zama gari guda. Ga masu ƙosai, ga masu wankin hula, ga wanzamai, ga mutanen ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba muna aron wuta a murhun juna. Ba wanda ya tambaye mu takarda. Ba wanda ya ce mun yi yawa. Mu dai mun ɗauka filin namu ne, kamar kasuwar Gwarzo, kuma ba a nuna mana akasin haka ba.

A nan, ina wanke masa buta a bakin famfo, na samu na faɗa wa Ɗanjuma buƙatata. Na ce in ya kai saman matattakala ya tsaya, ya juyo, ya cire hularsa ya ɗaga sama, ni zan kasance a baranda da jan gyalena. Ya dube ni yana danne dariya.

"Wannan daga wane littafin ne?"

"Daga nawa."

"To, 'yar Malam. In dai hula ce, an gama. Amma ki riƙe mini yaro da kyau, kada garin kaɗa gyale ki jefo shi ƙasa."

Da hantsi aka kira su. Muka bi ayarin 'yan rakiya muka hau benen, ni da Dije, ƙanwar mijina, wadda ba ta taɓa barin bakina ya huta ba tun ranar da aka kawo ni gidansu. Baranda ce doguwa mai ƙarfe a gaba, ta cika maƙil da mata da yara. Daga nan ana hango jirgin a tsaye can nesa cikin fili, fari, ya fi duk abin da na ƙiyasta girma, zafi na tashi daga kwalta yana sa shi rawa a ido. Sai alhazai suka fito a jere. Abin da littafi bai gaya mini ba shi ne, alhazan jiha anko suke yi. Yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, jaka iri ɗaya a kafaɗa. Daga inda muke kamar an zubo tsabar wake a faifai. Kuma da na farkonsu ya kai ƙofa, sai ya juyo ya cire hula ya ɗaga. Na biyu ma haka. Ashe ba ni kaɗai ce mai wayo a ƙasar Kano ba.

Dije ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Matar Yaya, wanne ne naki? Na ga huluna sun fi na rumfar masu hula yawa."

Na ce ta rufe mini baki. Na ƙura ido har hawaye ya taru, sai ga wani ya kai ƙofa ya tsaya ya daɗe, ya ɗaga hularsa sama sosai yana juya ta, fuskarsa daidai wajenmu. Zuciyata ta ce shi ne. Na zare jan gyalen na shiga kaɗawa da iyakar ƙarfina, Abba na tsalle a bayana.

"Wancan dogon?" in ji Dije. "Yaushe Yayana ya yi wannan tsawon? Ko kujerar Makka ƙara tsawo take yi?"

Wata mata a gefenmu ta ce mu yi haƙuri, wannan ƙanen mijinta ne. Wata daga baya ta ce ƙarya ne, ɗanta ne, ta san tsayuwarsa. Aka yi ta dariya ana musu, kowa na kaɗa abin da ke hannunta. Ni ban saurari kowa ba. Na ce nisa ne ke ƙara wa mutum tsawo. Ina tune da cewa can ƙarshen layi akwai wasu mutum biyu da suka hau a hankali, manne da juna kamar mutum ɗaya mai ƙafa huɗu, har na ji haushin jinkirinsu, don na ƙagu in ga tashin jirgin. Ban ba su kallo na biyu ba. Aka janye matattakala, jirgin ya juya, ya yi gurnanin da ya sa ƙarfen barandar rawa a tafin hannuna, ya ruga, ya ɗaga. Ba a sauka daga bene sai jirgi ya ɓace, haka al'adar take, don haka muka tsaya har ya zama ɗigo, har ɗigon ya narke. Na dawo gida ina jin babu macen da ta kai ni a duniya. Makonni ina ba Dije haushi da labarin juyowar.

Gero ya kai ƙugu lokacin da wani mutum ya zo a kan babur ya tsaya ƙofar gidan mai gari. Ina tsakar gida ina tatsar saniya na ji salatin maza daga zaure, na ɗauka Baffa ne, har na fara tunanin yadda zan rarrashi Inna. Ashe tsohon yana nan da ransa. Zazzaɓi ne ya kama Ɗanjuma bayan an gama aikin Hajji, bai daɗe yana jinya ba, aka binne shi a Makka. Kowa ya shigo sai ya ce mini in yi murna, ya samu makwancin da ake roƙo. Na san gaskiya suke faɗa. Amma ni shekaruna ba su kai na wannan murnar ba.

Na shiga takaba. Ranar da aka ce jirginsu zai sauka, tun asuba na tashi na surfa gero, na daka, na dafa, na kirɓa fura mai yaji da citta yadda yake so, na dama ta da kindirmon saniyarsa, na rufe ƙwarya da sabon faifai. Motar katakon ta zo ta tsaya. Na yafa mayafi na fito har bakin zaure, sai na tarar da Inna a tsaye a ƙofa. Ta ce mahaifina ya aiko tun jiya, mai takaba ba ta wannan tafiyar, kuma malaman Jama'a ma haka suka ce. Na tuna mata ita ce ta ce wanda ya buɗe shi ke rufewa. Ta ce ita ce ta faɗa, kuma ba ta janye ba, amma maganar Allah tana gaban tata. Dije ta miƙo hannu ta ce a ba ta ƙwaryar ta kai, Inna ta buge hannun. Haka motar ta tashi, ina tsaye a zaure rungume da ƙwarya, ina jin ƙarar injinta har ta haye gadar rafi. Da yamma furar ta yi tsami, aka ba yaran maƙwabta.

Baffa ya dawo ya rame, da jaka biyu. A cikin ta Ɗanjuma akwai dabino da bagaruwa, da 'yar kyamarar robar nan da yara ke leƙawa su ga hotunan Ka'aba, da wani gyale ja, sabo, a cikin ledarsa. Sai da 'yan gaisuwa suka ragu na samu ƙarfin zuwa bakin ƙofar ɗakinsa, na durƙusa ta bayan labule na gaishe shi. Na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na tambaye shi ko ya ga lokacin da ɗansa ya ɗaga mini hula.

"'Yar Malam, hula kuma? Da wane hannun? Ɗaya yana ƙuguna, ɗaya yana riƙe da jakata da buta. Ƙafar nan ta ƙi matattakalar, kusan ɗaukata ya yi, mu ne na ƙarshen hawa. Da muka kai ƙofa ya ce, Baffa, dafa nan in juya. Ma'aikaciyar ta ce mu shige, za a rufe. Har muka zauna yana leƙen taga, amma tagarmu ɗaya gefen take kallo."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce Allah ya ba da lada, na koma ɗaki. Ashe na gan shi. Idona ya sauka a kansa, yana cikin aikin da ya fi duk wata ɗaga hula kyau, na ɗauke kai ina jiran tashin jirgi. Kuma gyalen da na kaɗa har kafaɗata ta yi ciwo, ɗan wata na kaɗa wa.

Daga nan rayuwa ta yi abin da ta saba. Na fita takaba, bayan wasu shekaru na sake aure a Masanawa, wurin mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, na haifa masa 'ya'ya, na zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa. Yaya za a yi matar wani ta ce a kai ta filin jirgi ta tarbi mijinta na fari? Kunya ba za ta bari ba. Littattafan ma na rage karantawa, in na zo wajen filin jirgi sai in tsallake shafin. Ina nan ina ji rakiya tana ƙanƙancewa. Motar katako ta koma bas, bas ta koma ƙaramar mota mai ɗaukar mutum biyar. Yanzu maniyyaci daga ƙofar gidansa ake sallama da shi, in ya sauka ya bugo waya, wani ɗa ya je ya ɗauko shi kamar kayan da aka aiko. Ban ce da can babu wahala ba. Mun sha ruwan sama, mun sha sauro, yara sun yi gudawa a sansani. Amma mutum yakan tafi yana sane da cewa gari guda na tsaye yana kallon bayansa.

Don haka da na ji dattijon nan a rediyo, na ajiye faifai na ce wa Abba ina son ya kai ni filin jirgi kafin a taɓa benen. Ya ce wa zan tarba? Na ba shi labarin da ban taɓa ba shi ba. Da na gama, ya ce zai bincika ranar da jirgin 'yan Umara zai sauka da rana. Da Dije ta ji, ta aiko cewa in aka tafi ba da ita ba, ba ta yafe ba. Ta tsufa ita ma, haƙoran gaba sun zube, amma bakin yana nan.

Na kirɓa furar da kaina, ko da yake sai da na huta sau da yawa, jikata na roƙon in bar mata taɓaryar. Abba ya kawo kula ya ce ta fi riƙe sanyi, na ce ƙwarya. Na yafa jan gyalen da ya zo a jaka, wanda ban taɓa cirewa daga ledarsa ba sai ranar. Hanya ta yi santsi, gonakin da na sani bayan Rimin Gado duk sun zama gidaje da gidajen mai. A filin kuwa ban gane komai ba. Shinge bayan shinge, sabon gini mai gilashi, ko'ina mutum da kaki. Abba ya yi ta tambaya har aka nuna mana tsohon benen daga nesa, fentinsa ya koɗe, ƙofar matattakalarsa a rufe. Na hango barandar. Ta yi mini ƙanƙanta ƙwarai, har na yi mamakin yadda ta ɗauke mu duka. Wani matashi mai gadi ya saurari Abba da ladabi, ya ce, Hajiya, ki yi haƙuri, ba a hawa, ko shi ba shi da izini. Ya kira ni Hajiya, ban gyara masa ba. Na tambaye shi ko gaskiya ne za a rushe. Ya ce wallahi shi ma a rediyo yake ji, kamar kowa.

Muka koma inda masu tarba ke tsayawa, waje, bayan wani ƙarfe, inda ba a ganin jirgi sam, sai dai a ji saukarsa. Mutane suka fara fitowa da akwatuna masu taya, kowa da waya a kunne, motoci na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ba guɗa, ba rungume-rungume. Can da wurin ya yi sauƙi sai na ga wani tsoho cikin farar jallabiya ya ja kayansa gefe ya zauna a kan jakarsa, robar zamzam a tsakanin ƙafafunsa, yana ta duban hanya. Na ɗauki ƙwaryata. Abba ya ce, Umma, ba mu san shi ba fa. Na ce na sani.

Na durƙusa iyakar yadda gwiwa ta yarda, na ce, Alhaji, barka da sauka, an zo lafiya, ya hanya, ya ibada? Ya amsa duka yana neman fuskata a cikin waɗanda ya sani. Ya ce ɗansa ne zai zo, ya bugo ya ce cunkoso ya riƙe shi. Ya ce shekarar da mahaifinsa ya sauka a filin nan, ƙauyensu ko mai jego ba ta zauna a gida ba. Na buɗe faifai na miƙa masa ludayi. Ya dubi furar, ya dube ni, na ga ya gane, domin shi ma ɗan wancan zamanin ne. Ya yi bisimilla ya sha, ya ƙara, ya ƙara.

"Baiwar Allah, wa kika zo tarba?"

"Maigidana."

"A jirginmu yake?"

"A'a. Yana can inda kuka fito. Alhaji, kun bi ta maƙabartar Makka?"

"Mun bi. Na tsaya na yi wa duk na cikinta addu'a."

"To, kun gaisa da nawa."

Ya sunkuyar da kai, ya shanye sauran, ya goge gemu. Ya ɗebo dabino daga aljihu ya zuba mini a cikin ƙwaryar, ya yi addu'a mai tsawo, Abba da Dije na amsawa daga bayana. Muna nan ɗan nasa ya iso da sauri yana ba da haƙuri, ya dube mu da mamaki, ya kwashi kaya suka tafi. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

Muka kama hanyar gida a mota har muka fita daga Kabuga. Sannan Dije ta ce, tana kallon taga, "Matar Yaya, ke dai filin nan bai karɓe ki ba. Wancan karon kin kaɗa wa na wasu gyale, yau kin ba na wasu fura." Na juya zan rama, sai na ga ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Na kama hannunta, muka taho a haka har Garo.

Abba ya tambaye ni ko yanzu rakiyar ta rufu. Na ce ta rufu yadda Inna ta ce a rufe, ba yadda na so ba, kuma a shekaruna wannan ma an gode Allah. Washegari aka ci gaba da musun a rediyo, har yau kuma ba a gama ba. Ban san ko hukuma ce za ta ci gaba da riƙe filin ba, ko 'yan kasuwa, ko wasu da ban san da su ba, kuma ba ni da ilimin da zan ce ga wanda ya fi. Abba ya ce in ina da magana zai bugo musu ya faɗa a madadina. Ina goge ƙwaryar a lokacin, zan kife ta a kan rumfa. Na ce ya gaya musu ko wa ya karɓa, in zai rushe benen ya rushe, amma ya bar wa waɗanda ba za su tashi ba wurin tsayawa. Kuma wannan karon a yi shi kusa, yadda mace za ta gane nata.